Shin Kowane Kufai Shaidar Fushin Allah Ne? Tambaya Daga Hanyar Machu Picchu

A kudancin ƙasar Peru, can cikin duwatsun Andes, akwai wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗa da dutse wadda har yau ba a bin ta sai a ƙasa. Tsawonta kusan kilomita 43 ne, ana cinye ta cikin kwana huɗu, kuma tana ƙarewa ne a Machu Picchu, garin da sarakunan Inka suka gina a kan doron dutse wajen shekarar 1450, aka watse aka bar shi bayan kimanin ƙarni ɗaya. Hotonsa ya zaga duniya: ɗakuna ba rufi, gonaki hawa-hawa ba manomi, gajimare na yawo a tsakanin bango da bango. Mai imani idan ya ga irin wannan hoto, abin da ke fara zuwa bakinsa sananne ne. Zai ce ga ƙarshen masu bautar rana, ga yadda Allah ke yi da masu girman kai. Maganar tana da daɗin faɗa a wajen wa'azi, kuma galibi niyyar mai faɗinta kyakkyawa ce. Duk da haka ina ganin kuskure ce, kuskuren kuma ba ƙarami ba, domin yana sa mutum ya yanke hukuncin da ba a ba shi ikon yankewa ba, sannan ya yi asarar ainihin izinar da ke cikin wurin. Kufai na iya ba mu labarin yadda daula ta tashi da yadda ta faɗi, amma matsayin mutanenta a wurin Ubangijinsu ba ya cikin abin da dutse ke iya faɗa.

Hanyar kanta ce shaida ta farko. Ana fara ta ne daga bakin kogin Urubamba, a wurin da ake kira Kilomita 82 na layin dogo, cikin ƙasa mai ƙayoyi da ƙarancin ruwa. A rana ta biyu ake hawan mashigin Warmiwañusqa, mai tsayin mita 4,215 daga doron teku, inda iska ke yin ƙaranci har mai ƙarfi ma sai ya yi taku goma ya tsaya ya huta, babu abin da ke tsirowa sai wata ciyawa mai kaushi da mutanen wurin ke kira icu. Daga nan hanya ta gangara, ta sake hawa, ta faɗa cikin kurmi mai hazo inda gansakuka ta lulluɓe kowane reshe, furanni na tsirowa a jikin itatuwa, ruwa na ɗiga ko ba a yi ruwan sama ba. Duk tsawon wannan tafiya ƙafar mutum a kan aikin hannun wani take. Matakala dubbai ne, wasu an jera su, wasu an sassaƙa su cikin dutsen da ke wurin tun asali. A wasu wurare an huda dutse an yi rami an wuce ta ciki. A wasu an gina bango a gefen kwazazzabo domin hanya ta sami wurin zama. Ana wuce ƙananan kufayi ɗaya bayan ɗaya, Runkurakay, Sayacmarca, Phuyupatamarca inda ruwa ke gudana har yanzu cikin kwatamin dutse da aka sassaƙa masa shekaru ɗari biyar da suka wuce, sai Wiñay Wayna da gonakinsa da suka liƙe a jikin gangara. A safiyar rana ta huɗu ake isa Intipunku, ƙofar da daga ita ake hango garin a ƙasa. Wanda jirgin ƙasa da bas suka kai bakin ƙofa ya ga gini. Wanda ya taka matakalar nan da gwiwarsa ya san cewa kowane dutse sai da wani ya ɗauka, ya hau da shi, numfashinsa na yankewa kamar yadda nasa ke yankewa yanzu. Bayan kwana huɗu a haka, harshe yakan yi nauyin cewa "su" a dunƙule, kamar mutum ɗaya ne ya yi laifi ɗaya.

Sai kuma abin da ido ba ya gani. Injiniyoyin da suka yi nazarin Machu Picchu sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na aikin yana ƙarƙashin ƙasa: harsashi, tsakuwa da aka shimfiɗa domin ruwa ya tsiyaye, magudanai fiye da ɗari. Wurin na samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, ga girgizar ƙasa, ga zabtarewar gangara. Da an gina shi da ganganci da damina kaɗan sun wadatar su kwashe shi zuwa kogi. An jawo ruwa daga wani marmaro ta magudana mai tsawon mita 749, aka bi da shi ta mashaya goma sha shida, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Manyan gine-ginen an haɗa duwatsunsu ba laka ba siminti, haɗin da reza ba ta shiga tsakani. A Kusko, babban birninsu, Turawan Sifaniya sun gina majami'a a kan ɗakin bautar rana na Coricancha. Da girgizar ƙasa ta 1950 ta zo, ginin Turawan ya tsattsage, bangon Inka da ke ƙarƙashi yana nan yadda yake. Mutanen da suka yi wannan ba su da baƙin ƙarfe, ba su da doki, ba su amfani da ƙafar keke wajen jan kaya, lissafinsu kuwa ƙulle-ƙulle ne a jikin igiya, abin da ake kira kifu. Da haka suka shimfiɗa hanyoyi na kimanin kilomita 30,000 da a yau suka ratsa ƙasashe shida, daga Kolombiya har Ajantina da Chile, da masauki da rumbunan abinci a tsakani, da 'yan aike masu gudu suna miƙa wa juna saƙo. Dankalin da ake nomawa a tsaunukan Jos, asalinsa daga manoman waɗannan duwatsu ne. Mai imani da ya yarda cewa Allah ne ya sanya wa ruwa da dutse da iri ƙa'idojinsu, ba shi da mafita sai ya yarda cewa waɗannan mutane sun karanta ƙa'idojin nan da kyau, kuma basirar da suka karanta su da ita baiwa ce daga Wanda ke ba kowa.

To, me ya kayar da su? Amsar ba a ɓoye take ba. Wajen shekarar 1527 wata annoba, wadda masana tarihi da yawa ke ganin agana ce da ta biyo Turawa zuwa nahiyar, ta kashe sarki Huayna Capac tare da ɗan da ake sa ran zai gaje shi. 'Ya'yansa biyu, Huáscar da Atahualpa, suka raba ƙasa da yaƙin basasa. Atahualpa ya yi nasara ke nan, bai ko shiga Kusko ba, sai ga Francisco Pizarro da mutum 168. Ranar 16 ga Nuwamba, 1532, a dandalin garin Cajamarca, aka gayyace shi ganawa, ya zo da jama'arsa, mahaya da 'yan bindiga suka fito daga maɓoya suka kashe dubbai, suka kama shi. Ya yi alkawarin cika ɗaki da zinariya, da ninkinsa biyu na azurfa, a matsayin fansa. Ya cika alkawari, aka narkar da dukiyar aka raba, sannan a watan Yuli na 1533 aka shaƙe shi. Sauran 'yan gidan sarauta sun ja daga a dajin Vilcabamba har 1572, shekarar da aka fille wa na ƙarshensu, Túpac Amaru, kai a dandalin Kusko. Machu Picchu, wanda gidan hutun sarki Pachacuti ne da zuriyarsa, ya mutu ne saboda masu ciyar da shi sun mutu. Babu alamar Turawan sun taɓa kai masa hari.

A nan ne hujjar masu karanta kufai a matsayin hukunci take karyewa. Idan faɗuwa shaida ce ta fushin Allah, dole nasara ta zama shaida ta yardarsa, domin ma'auni ɗaya ne. Wa zai iya buɗe baki ya ce Pizarro, wanda ya karɓi fansa ya kashe mai fansar, shi ne yardajje? Shi da abokan tafiyarsa ba su ma bar juna ba: 'yan gidan Pizarro sun kashe Diego de Almagro a 1538, magoya bayan Almagro suka kashe Pizarro a gidansa a Lima a 1541. Mulkin da suka kafa ya ɗauki tsarin aikin karɓa-karɓa na Inka ya mayar da shi igiyar jan mutane zuwa ramukan azurfa na Potosí, inda suka yi ta mutuwa. Ko a cikin Sifaniyawan an sami masu tsoron Allah irin su Bartolomé de las Casas da suka tsaya suka ce abin da ake yi wa mutanen nahiyar nan ta'asa ce, kuma ba addini ne ya yi umarni da ita ba. Ma'aunin nan kuwa ba a Peru kaɗai zai tsaya ba, zai juyo kanmu. Shekaru 40 kacal kafin Cajamarca, wannan Sifaniyar ce ta karɓe Garnaɗa a 1492, ta kawo ƙarshen mulkin Musulmi a Andalus. Bagadaza ta faɗi a hannun Mongol a 1258, da malamanta da ɗakunan littattafanta. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi tare da jama'arsa a gaban bindigogin Ingila. Babu wani a cikinmu da ke karanta waɗannan a matsayin shaidar cewa gaskiya na tare da mai nasara. Mukan ce jarrabawa ce, ko rarrabuwar kai, ko fifikon makami. Adalci ya wajabta mu bai wa wasu irin karatun da muke bai wa kanmu. Kiristoci ma suna da wannan koyarwa a Linjila, inda aka ba da labarin mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, aka kuma hana ɗaukarsu a matsayin mafiya zunubi saboda irin mutuwar da suka yi.

Akwai ƙorafi mai nauyi da za a iya kawowa, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Alƙur'ani ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen na da ya kasance, kuma misalan da ya bayar na halakakku ne: Adawa, Samudawa masu sassaƙa gidaje cikin duwatsu, Fir'auna da rundunarsa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa a hanyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ratsa ta Hijir, mazaunin Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai suna kuka, ya rufe kansa ya yi sauri ya wuce, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin. Mai ƙorafi zai ce, ashe ba addini da kansa ne ya koya mana ganin azaba a kufai ba? Amsa ita ce a duba daga ina aka san labarin Samudawa. Ba duwatsun Hijir ne suka faɗa ba. Wahayi ne ya ce an aiko musu Annabi Salihu, ya ce sun ƙaryata shi, ya ce sun soke taguwa, ya ce tsawa ta kama su. Kowane mataki na shari'ar, daga isar da saƙo zuwa zartar da hukunci, Alƙalin da kansa ne ya bayyana shi. A kan Inka ba mu da ko ɗaya daga cikin wannan. Ɗaukar hukuncin da aka ambaci masu shi da suna a liƙa wa mutanen da ba a ambata ba, don kawai su ma sun gina da dutse, faɗa wa Allah abin da bai faɗa ba ne, kuma wannan ba ƙaramin laifi ba ne a addini.

Ƙari a kan haka, ƙa'idar da ke cikin Suratul Isra'i ita ce ba a yin azaba sai bayan an aiko manzo. Daga nan malamai suka yi dogon bayani a kan Ahlul Fatra, wato waɗanda kira bai iske su ba. Malaman Ash'ariyya, waɗanda karatun tauhidi na ƙasashenmu ya daɗe yana bin tafarkinsu, sun tafi a kan cewa ba a kama mutum da laifin abin da bai zo masa ba. Maturidiyya sun ce hankali kaɗai ya isa ya wajabta sanin Mahalicci. Saɓanin yana nan, amma ko ɓangare na biyun bai ba wani ɗan Adam ikon nuna wani gari ya ce mutanensa 'yan wuta ne ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara wani rukuni a littafinsa Faisalut Tafriƙa: mutanen da labarin gaskiya ya zo musu a gurɓace, a siffar da kowane mai hankali zai guje mata, ya kuma sa musu ran rahama. Ban san misalin da ya fi Cajamarca dacewa da ma'anar wannan ba. Kiran farko zuwa ga Allah ɗaya da Atahualpa ya ji daga bakin baƙi, wani limamin Kirista mai suna Vicente de Valverde ne ya yi masa, ta bakin tafinta, da littafi a hannu a gaban wanda bai taɓa ganin littafi ba, alhali masu takubba na laɓe a bayan ginshiƙai suna jiran ishara. Duk wanda ya kira wannan isar da hujja, bai darajta hujja ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ciwo, domin gaskiya ce tsagwaronta. Inka ba waliyyai ba ne. A 1999, a ƙolin dutsen Llullaillaco mai tsayin mita 6,739 a kan iyakar Ajantina da Chile, an tono gawarwakin yara uku da sanyi ya adana, babbarsu budurwa ce 'yar shekara goma sha wani abu, gashinta a kitse, kanta a sunkuye kamar mai gyangyaɗi, da ganyen koka a bakinta. Binciken gashinta ya nuna an yi ta ba ta koka da giya a watanninta na ƙarshe. An kai su can ne a matsayin hadaya. Daular ta kuma ci ƙasashe da yaƙi, ta kwashe al'ummomi sukutum daga garuruwansu ta kai su nesa domin karya lagonsu. Ba na neman uzuri ga ko ɗaya. Kashe yaro da sunan bauta mummunan aiki ne a kowane zamani, kuma wanda ya ce al'adarsu ce kawai a bar ta haka, ya ci amanar yarinyar nan karo na biyu. Amma a lura da abin da wannan ƙorafi ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba. Ya tabbatar da cewa muna iya hukunta aiki, mu kira zalunci zalunci. Bai nuna cewa annobar da ta biyo baya sakamakon aikin ba ce, domin annobar ba ta zaɓa ba: ta kashe mai hadaya, ta kashe iyayen wadda aka yi hadaya da ita, ta kashe ƙabilun da Inka suka zalunta. Binciken ƙasusuwan da aka binne a Machu Picchu ya nuna cewa da yawa daga mazaunansa barori ne da aka tattaro daga sassa daban-daban na daular. Idan muka tsaya a gaban bangon nan muka ce Allah ya hukunta su, wa muke nufi? Sarkin da ya yi umarni, ko baran da aka raba da garinsu, ko manomin da aka kira ya ja dutse?

Zaluncin Inka yana da hannu a faɗuwarsu, ta hanyar da ake iya bin sawunta ba tare da an yi da'awar sanin gaibu ba. Mutum 168 ba su ci daula mai miliyoyin jama'a su kaɗai ba. Kañari, Wanka da Chachapoya, al'ummomin da Inka suka ci da yaƙi ba da daɗewa ba, su ne suka ba baƙin mayaƙa da abinci da 'yan jagora, suna ganin ranar ramuwa ta zo, ba su san abin da suke buɗe wa ƙofa ba. Gidan sarautar kansa ya ci kansa. Atahualpa yana tsare a hannun Turawa ya aika aka kashe ɗan'uwansa Huáscar. Hanyoyin da aka shimfiɗa domin rundunar sarki su ne suka kai dawakin abokan gaba har Kusko, rumbunan da aka cika domin talakawa da sojoji su suka ciyar da su. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya ware babi a kan yadda zalunci ke rushe raya ƙasa, kuma bai gina maganarsa a kan tsawa daga sama ba; ya gina ta a kan yadda wanda aka ƙwace wa amfanin guminsa ke janye hannu da zuciya daga daula. Wannan izina ce mai cizo, domin ba ta tambayar addinin mai mulki kafin ta kama shi. Karatun azaba yakan bar mai kallo cikin natsuwa, yana ganin abin ya sami wasu ne saboda ba irinsa ba ne. Karatun sababi ba ya barin kowa ya miƙe ƙafa: duk ƙasar da ta tara al'ummomi da ƙarfi ba ta yi musu adalci ba, duk gidan mulkin da 'ya'yansa ke farautar juna, yana kan wannan hanya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi, ba tsayawa lissafin zunubansa ba.

Wani zai ji tsoron cewa yaba ginin masu bautar rana da duwatsu mataki ne zuwa ga girmama bautarsu, musamman da yake a yau akwai masu sayar wa baƙi bukukuwan hadaya ga uwa-ƙasa, Pachamama. Musulmi ko Kirista ba shi da hurumi a irin wannan biki, kuma ƙin shiga ba ya buƙatar cin mutuncin kowa. Amma yaba aiki daban, bauta daban. Sahabbai sun ci Misira ƙarƙashin Amru ɗan Asi, dalar Fir'aunoni na tsaye, sun bar ta tsaye. Abdullaɗif al-Bagdadi, likita kuma malami da ya rasu a 1231, ya auna kufayin Misira ya siffanta su cikin mamaki, ya kuma yi tir da masu farfasa su don neman dukiya. Imaninsa bai ragu ba.

Abin da ya fi damuna da karatun azaba shi ne yana buƙatar mutanen da suka ƙare, alhali waɗannan ba su ƙare ba. Ranar 24 ga Yuli, 1911, da Hiram Bingham na Jami'ar Yale ya hau Machu Picchu, wani manomi mai suna Melchor Arteaga ne ya kai shi, ya kuma tarar da iyalai suna noma a gonakin Inka, yaronsu ya zaga da shi cikin kangayen, har ya ga sunan wani ɗan ƙasar, Agustín Lizárraga, rubuce a bango da shekarar 1902. Duniya ta kira wurin ɓataccen gari, masu wurin kuwa suna shuka masara a cikinsa. Miliyoyin mutane na magana da harshensu na Kecuwa a yau. A kan kogin Apurímac akwai gadar Q'eswachaka ta igiyar ciyawa, kusan mita 30, wadda ƙauyuka huɗu ke taruwa su sake saƙawa duk watan Yuni yadda kakanninsu ke yi. A kan hanyar da muka fara da ita, cikin mutum 500 da hukuma ke bari su shiga a kowace rana, fiye da rabi 'yan dako ne da masu dafa abinci da 'yan jagora. Ɗan dakon nan manomi ne daga ƙauyukan kan dutse. Yakan ɗaure tanti da tukunyar gas da buhun abinci a baya, ganyen koka a kumatu, wani lokaci da takalmin da aka yanka daga tsohuwar taya, ya wuce baƙi da sassarfa a gangarar da su ke bi da sanda biyu, domin ya riga su isa ya kafa musu masauki ya ɗora ruwan shayi. Sai a 2001 ƙasar Peru ta yi dokar da ta ƙayyade kayansa kada ya wuce kilo 20, kuma har yau 'yan dako na kokawa a kan albashi da yanayin aiki.

Cewa Allah ne ya hukunta kakannin wannan mutum ba sabuwar magana ba ce a kunnensa. Da makamanciyarta aka mulke shi. Wakilin sarkin Sifaniya a Peru, Francisco de Toledo, wanda ya sa aka fille kan Túpac Amaru, shi ne kuma ya sa Pedro Sarmiento de Gamboa ya rubuta tarihin Inka a 1572 domin a nuna cewa azzalumai ne 'yan ƙwace, saboda haka ƙasarsu ta halatta ga sarkin Sifaniya. Mu da kakanninmu suka ji irin wannan hujja daga bakin waɗanda suka ci ƙasarmu, bai dace mu ara ta mu yafa ba.

Saboda haka ina kira ga malamanmu masu wa'azi da masu koyar da tarihi: idan kun ɗaga hoton Machu Picchu a gaban jama'a, ku faɗi annobar, ku faɗi yaƙin 'yan'uwa, ku faɗi yarinyar Llullaillaco da al'ummomin da aka zalunta har suka buɗe wa baƙo ƙofa, ku faɗi abin da Pizarro ya yi da fansar da ya karɓa, sannan ku bar makomar matattun ga Wanda ya san abin da ya iske su da abin da bai iske su ba. Wanda kuma Allah ya hore wa zuwa, ya sani ana rufe hanyar duk watan Fabrairu domin gyara, kuma ba a shiga sai ta hannun kamfani mai lasisi. Kafin ya biya kuɗi, ya tambayi kamfanin kilo nawa ɗan dako zai ɗauka, nawa za a biya shi, kuma a ina zai kwana.